Turanci Ne Ƙofa, Hausa Ce Haja

Mu malaman Turanci na Kurfi da Dutsin-Ma, yawancinmu Kwalejin Isa Kaita ce ta yaye mu, wasu suka ƙara da digiri a jami'ar tarayya da aka kafa nan a 2011. Da yawanmu na son zuwa waje koyarwa, to amma masu ɗaukar mataimakan malaman Turanci sun fi son wanda ya sha harshen a nono.

Ƙofar da ta buɗe mana ita ce shirin Fulbright na Amurka, mai ɗaukar matasan malaman Turanci daga Najeriya su yi shekarar karatu guda a jami'o'in can. Turancinka ake aunawa da jarrabawar TOEFL, amma Hausa za ka koyar.

Nan gizo ke saƙa. Mun haddace nahawun Bature, amma ɗalibi zai tambaye mu dalilin da ake cewa gida ne, mota ce. Saboda haka da rana muna cike takardu, da dare kuma mu baje tabarma gaban tsofaffinmu, riƙe da biro.