Ƙwanƙwasar da ke Fitowa Daga Bayan Mota

Motar da ta yi shekara ashirin a titunan Amurka ko Turai kafin ta sauka a Kwatano ko Legas ba ta rasa tabon tafiya. Inji yana iya zama lafiya lau, fenti yana ƙyalli, amma a ƙarƙashinta robobi sun bushe sun tsattsage, gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara kuma ya ci ƙarfe. Dillali ba ya kai mai saye wannan wurin. Hanya ce take tona shi, kuma da ƙara take fara magana.

Haka ta faru da wani malamin makaranta a Zariya, wanda ya tara kuɗin adashe ya sayi Toyota Camry ƙirar 2005. Mako biyu bayan haka, wani abu ya soma ƙwanƙwasawa a baya duk lokacin da ya bi layin unguwarsu. Bakaniken farko ko sunkuyawa bai yi ba ya yanke hukunci: a sake shokazoba biyu. Kuɗin sun yi wa malamin nauyi, sai ya nemi wani dattijon bakanike.

"Malam, yaushe take yin ƙarar?" in ji dattijon.

"Baba, ai kullum ne."

"A'a, babu ƙarar kullum. Mu zaga tukuna."

Kafin su tashi sai da ya sa aka kwashe kayan but, da safaya da jak da sifana, ya girgiza salansa don ya ga ko robar da ke riƙe da ita ta tsinke, ya taɓa notocin taya. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa, ba a kashe ko sisi ba.

Dalilin tambayarsa shi ne kowane ƙarfe da lokacin da yake kuka. Idan mota ta faɗa babban rami ta yi gum, sannan bayanta ya ci gaba da lilo, shokazoba ce abar zargi, musamman in mai ya jiƙe jikinta. Idan bugu ɗaya ake ji lokacin taka birki ko lokacin tashi, a duba robobin hannayen ƙarfe da ke riƙe da taya. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu kuwa yawanci boris ne. Ƙwanƙwasa ƙanana masu yawa, a tafiyar sannu kan hanya mai gargada, sun fi nuna sandar da ke hana mota karkata a kwana, wadda makanikai ke kira sitabilaiza.

A motar malamin, dattijon ya lura da abu guda. Idan tayoyin baya biyu suka hau tudun rage gudu tare, shiru. Idan ɗaya kaɗai ta faɗa rami, sai ƙara ta tashi. Sandar ba ta murɗuwa sai tayoyin sun saɓa, don haka shaida ta koma kanta. Ya hau da motar kan ramin gareji, nauyinta yana kan tayoyinta, domin ɗagawa da jak yana miƙe ƙarafa ya ɓoye wasan da suke yi. Ya sa ƙarfe ya bankare sandar, sai ga ta tana rawa cikin robobi biyu da suka cinye. Kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin shokazoba ba.

Ba kowace mota ce ke da wannan tsari ba. Golf 3, wadda direbobin haya suka sani sarai, ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyinta na baya, yana rataye da manyan robobi biyu, kuma su akan fara tuhuma.

Sauƙin wannan gyara bai zama hujjar yin biris da ƙara ba. Shokazoba da ta mutu tana barin taya ta riƙa tsalle, birki ya daɗe bai tsayar da mota ba. Robar hannu da ta yage tana sa bayan mota ya riƙa zillewa, abin da ba a fata a hanyar Kaduna da iyali a ciki. Idan gyara ya zo, a sake hagu da dama tare, a ɗaure notocin robobin hannu bayan mota ta sauka kan tayoyinta, kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga.

Mai mota ba sai ya iya riƙe sifana ba. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya je gareji da amsa uku: a wane gudu, a wace irin hanya, a wane gefe. Wanda ya zo da su ya yi rabin aikin, kuma da wuya a sayar masa da abin da motarsa ba ta nema ba.