Neman Shiru Daga Kurna Zuwa Cikin Gari

Shekara uku ke nan da na kama haya a Kurna, a wani lungu da ke bayan titin Katsina, cikin irin gidajen nan masu ciki da falo huɗu a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Unguwa ce da ba ta runtsawa. Tun kafin assalatu 'yan garuwa suke fara turo kurarsu, jarkoki na gwaruwa. Hantsi na yi injin markaɗe ya karɓa. La'asar ta 'yan Adaidaita Sahu ce da 'yan makarantar Islamiyya. Dare kuwa janareta ne sarkinsa. Ban taɓa ɗaukar wannan abin kuka ba, sai da mahaifiyata ta zo jinya wurina gab da azumin bara. Likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta magani, ya kuma ja kunnena cewa isasshen barci yana cikin maganin.

Bango ɗaya ya raba ɗakin da na ba ta da na maƙwabcina, tela, mutumin kirki mai iyali. Kowa ya san halin tela idan Sallah ta ƙarato. Da an ɗauke wuta sai ya tayar da ɗan ƙaramin janaretansa a jikin bangonmu, keke ya kama sururu har ƙarfe uku na dare, rediyo na taya shi hira. Hajiya ba ta taɓa cewa uffan ba. Da safe ne nake ganin idanunta sun yi ja, ta ce mini, "Bar shi, abincin 'ya'yansa yake nema."

Dabarar farko da na yi ita ce wadda kowa yake ba ka: kiret ɗin ƙwai. Na bi masu shayi na tattaro fanko, na lilliƙa a bango tun daga ƙasa har sama, ɗakin ya koma kamar shagon mai kaji. Ko kaɗan ƙarar ba ta ragu ba, sai kyankyasai da suka samu sabon masauki. Daga baya na fahimci kuskurena. Rage amon muryar da ke cikin ɗaki daban, tare ƙarar da ke shigowa daga waje daban. Abu mai laushi marar nauyi, kamar kwali ko soso, yana iya ɗan yin na farko, amma ba ya yin na biyu. Sauti girgiza ce. Idan ta bugi bango sai ta girgiza shi, shi kuma ya girgiza iskar da ke ɗaya ɓangaren. Abin da ke tare ta nauyi ne da rashin kafa. Masana sun ƙiyasta cewa duk lokacin da aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi tana raguwa da kimanin desibel biyar zuwa shida. Kwalin ƙwai nawa za ka liƙa kafin ka ninka nauyin bangon bulo?

Hajiya ce ta sa ni a hanya ba da niyya ba. Tana kallon kwalayen ta ce a gidansu na Ƙoƙi ko daka ake yi a maƙwabta, sai dai ka ji shi a tafin ƙafarka, ba a kunne ba. Ranar Asabar na hau mota na shiga cikin gari, gidan da rabona da shi tun rasuwar kakata.

Wanda ya bar bakin Kurmi ya kutsa lungunan Ƙoƙi zai ji abin da nake nufi tun kafin ya kai ko'ina. Da kowace kwana hayaniyar kasuwa tana zubewa a baya. Ka shiga zaure, ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje. Ka ratsa ƙofar gida, ka shiga soro na biyu, ka sake karya kwana kafin ka ga tsakar gida. An yi wannan tsari ne domin sirrin iyali, don kada idon baƙo ya faɗa ciki, amma hanyar da ta tare ido ta raunana ƙara. Ɗakin kakata yana nan, rabinsa an yi masa kwaskwarima da siminti. Na dafa bakin ƙofar, kaurin bangon daga ƙasa ya fi kamu ɗaya, yana sirancewa yayin da yake hawa. Tubali ne aka jera aka cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, babu rami ko ɗaya a ciki. Sama kuma azara ce ta giginya, aka ɗora mata ƙasa mai kauri. Taga 'yar mitsitsiya ce, can kusa da rufi. Na zauna a kan tabarma da azahar, a tsakiyar birni mai miliyoyin mutane, abin da nake ji kawai kukan kurciya.

Haka abin yake a Gidan Makama, wanda tarihi ya danganta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma yau gidan tarihi ne: motoci na wucewa ta gaban fada, amma da ka shige ciki sai ka ji kamar an rufe maka kunne. Ba ina cewa mu koma ginin ƙasa gaba ɗaya ba. Na san wahalar yaɓe kafin kowace damina, na san yadda soro yake ruftawa idan an yi sakaci da indararo, na kuma san kududdufan da haƙar ƙasar gini ta bari a birni. Amma da muka koma bulo mai inci shida, mai rami a ciki, muka rufa da kwano da silin marar kauri, mun sayar da wani abu da ba a sa shi cikin lissafi ba.

A hanyar dawowa na biya wurin wani dattijon magini da ya yi wa kakata aiki. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, kafin ka zargi bango, hau ka leƙa saman silin." Na ce, "To, Baba." Washegari na ari tsani na ɗaga allon silin ɗaya, na haska tocila. Bangon da ya raba mu ya tsaya ne daidai kan silin, bai kai ga kwano ba. Tun daga ɗakin farko har na huɗu sararin sama ɗaya ne, ina hango hasken fitilar tela ta tsagar nasa silin. Ashe shekara uku da allo kawai muke raba daren.

Sai da na nemi izinin mai gida, wanda ya yarda bisa sharaɗin kada a taɓa kuɗin haya. Na sayo bulo da siminti, aka ɗaga bangon har ya taɓo kwano, aka toshe bakinsa. Wannan kaɗai ya kashe muryar rediyo. Daga nan na bi kafofi ɗaya bayan ɗaya, domin duk inda iska ta bi, ƙara za ta bi. Ramin soket ɗinmu da nasa baya da baya suke, aka cike gefensa. Ƙasan ƙofa akwai tazarar da yatsu biyu za su shige, na yanko tsohon tub na mota na buga. Gilasan luba ba sa haɗuwa ruf ko an rufe, na sa kafinta ya yi wa tagar murfin katako mai kauri daga ciki, da roba a gefensa. Kantar littattafaina da kwabar kaya na jingina su a bangon tela, na shimfiɗa darduma, na rataya labule mai nauyi. Duk abin da na saya a Ƙofar Ruwa bai kai kuɗin buhun shinkafa ba.

A nan wajibi ne in yi gargaɗi. Ɗakin da aka toshe wa ƙara an toshe masa iska, kuma zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40. Na bar tagar da ke kallon tsakar gida ba murfi. Mafi haɗari shi ne hayaƙin janareta, wanda ke ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, da kan kashe mutane cikin barci. Kada neman shiru ya sa wani ya shigar da janareta ɗaki ko ya rufe shi ruf a akwati. Soson katifa a bango kuwa makamashi ne kawai idan gobara ta tashi.

Bayan duk wannan aiki, gurnanin janareta bai tafi ba. Ƙara mai kauri ta fi wuyar tarewa, kuma wannan ba ta iska kaɗai take zuwa ba, ta daɓen siminti take biyowa ta hau bango. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar ɗakin barci ta wuce desibel 30 da dare; manhajar wayata, duk da ba ma'aunin ƙwararru ba ce, tana nuna mini fiye da 40. Akwai ƙa'idojin taƙaita ƙara da aka kafa a Najeriya tun 2009, ƙarƙashin hukumar NESREA, amma wa zai kai ƙarar mutumin da suke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya?

Na yi ta jan ƙafa, har wata rana bayan buɗa-baki na yi masa sallama. Na ce, "Malam, wata alfarma nake nema, ba don ni ba, don Hajiya." Da ya ji bayani sai ya riƙe baki, ya ce, "Haba Malam, ai da ka faɗa tun farko! Ni ban san tana jin sa haka ba." A daren muka ƙara waya, muka mai da janaretan can bakin rijiya, muka ɗora shi a kan tsohuwar taya, salansarsa na kallon sarari. Girgizar ta ɗauke. Ban cire murfin taga ba, domin injin markaɗe da kiɗan biki na bakin lungu ba su san da wannan sulhu ba. Amma ranar jajiberin Sallah, daren da keken tela bai huta ba har gari ya waye, sai da na buga wa Hajiya ƙofa sau biyu kafin ta tashi sallar asuba.