Tsakanin Dubai da Gwanzu, lissafin da na yi kuskure

Duk ɗan kasuwar da ke sarin kaya a Chaina ya san hanyar Dubai zuwa Guangzhou, garin da muke kira Gwanzu. Ni kam na ɗauka na san ta, sai da na raka maigidana daga Duwala na gane da sauran karatu.

Tsakanin filin jirgin Dubai da na Baiyun akwai kusan kilomita 5,800. In za ka tafi, awa 7 ne da 'yan mintoci a sama. Jirgi zai ratsa teku, ya bi ta saman Indiya, ya kauce wa duwatsun Himalaya, sannan ya shiga Chaina ta kudu. Dawowa kuwa takan haura awa 8, domin akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai tafiya tana tura shi, mai dawowa tana tare shi.

Inda ake rikicewa shi ne agogo. Gwanzu ta riga Dubai da awa 4, ta riga mu nan gida da awa 7, kuma tikiti yana rubuta kowane lokaci ne da agogon garinsa.

Mun gama sari a unguwar Xiaobei, muka kama hanyar dawowa da niyyar kwana biyu a Deira. Na duba tikiti: tashi bayan sha biyun dare, sauka wajen huɗu da rabi na asuba. Na ce, “Alhaji, ai awa huɗu ce kawai, a sa maganin hawan jinin a babbar jaka, kafin lokacin sha ya yi mun sauka.” Ya ce, “To yaro, kai ne ɗan boko.”

Wallahi awa huɗu ta cika, taswirar da ke jikin kujera ta nuna muna saman Indiya. Lokacin shan magani ya zo ya wuce, jaka tana can ƙasan jirgi. Alhaji ya riƙe kai, ya ce ƙeyarsa na sarawa. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Na roƙo masa ruwa, na zauna ina ƙirga mintoci kamar mai jiran shan ruwa da azumi.

Da muka sauka ma sai da muka bi layin biza, muka jira kaya. A bakin wurin ɗaukar jaka ya haɗiyi ƙwayarsa, ya zauna a kan akwati har kan ya lafa.

Yanzu magani da caja a ƙaramar jaka suke, kuma kafin in bar gida nakan rubuta wa uwargida lokacin saukata da agogon Duwala, in liƙa mata a jikin firij.