Yaya Ya Tafi Ci-rani

Asabar

Yau wata goma sha ɗaya cif da aka kulle Yaya. Na baro Bodinga bayan la'asar na tafi gida Shagari in karɓo saƙon Inna. Na tarar ta baje kaya kan tabarma: garin kwaki mudu biyu, ƙuli-ƙuli, suga, sabulu, man zafi, kowanne ƙulle a ledarsa. Tun ranar da aka tafi da shi ba ta ƙara sa nama a baki ba, wai ba ya wuce mata maƙogwaro. Autar Yaya, 'yar shekara huɗu, an ce mata babanta ya tafi ci-rani. Ta kamo rigata ta ce, "Baffa, Ikko ta hi Sakkwato nisa?" Na ce ta fi. Duk gidan mun haɗu kan wannan ƙarya, kuma ni malamin makaranta na fi kowa iya ta.

Lahadi

Na yi sammako. A ƙofa aka karɓe waya, gandiroba ya zuzzuba garin yana tonawa da cokali, dafaffen abincin kuma sai da na ɗanɗana a gabansa. Ban ga laifinsa ba, ƙa'ida ce. Yaya ya fito ya yi fari, irin farin rashin rana, wuyansa duk ƙuraje. Manomin da tafin hannunsa ke kama da bayan kunkuru, yau hannun ya yi laushi kamar na jinjiri. Wannan ya fi ramar tayar mini da hankali.

Bai tambayi shari'a ba. Cewa ya yi, "An yi dashen albasa?" Na ce an yi. Ya ce, "Wa ya yi?" Na yi shiru, ya gane. Na tambaye shi gabza, abincin gidan yari, ya yi dariya ya ce tana nan yadda na san labarinta. An dai ce gwamnati ta ƙara kuɗin ciyar da fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a rana. Wanda ya je awo kwanan nan ya san abin da wannan kuɗi ke iya sawa a kwano sau uku.

Litinin

Wanda ya yi dashen shi ne babban ɗansa, ɗan shekara goma sha biyar. Yaron da ke zuwa na biyu ko na uku a aji, mai cewa shi malamin asibiti zai zama. Tun zangon da ya wuce bai leƙa makaranta ba. Da safe fadama, da yamma dakon buhu a bakin titi. Na same shi da maganar komawa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, in na koma wa za ya ba su hatsi?" Ban da amsa. Albashina ko gidana ba ya kai wa ƙarshen wata.

Akwai kuma abin da bai faɗa ba, wani abokinsa ya tsegunta mini: a aji an laƙaba masa "ɗan fursuna".

Talata

Kotu. Mun zauna kan benci tun ƙarfe tara, sai wajen azahar aka ce ba a kawo su ba, an ɗage zuwa wata mai zuwa. Ɗagewa ta bakwai ke nan a lissafina. Maganar fa bashin albasa ce: ya karɓi kaya a hannun wani, suka ruɓe a rumbu kafin kasuwa ta tashi, mai kaya ya kai ƙara aka rubuta cin amana. An ba da beli tun farko, amma da sharaɗin babban ma'aikacin gwamnati mai takardar fili a cikin birni. Mu da babban ma'aikacin zuriyarmu ni ne, mai alli a aljihu.

Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A 2019 aka sauya wa hukumar suna ta koma ta gyaran hali. Sunan ya yi daɗi. Sai dai mutumin da ba a tabbatar ya yi laifi ba, wane hali ake gyara masa? A ƙarshen 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da biyan tarar naira miliyan 585 don a saki mutum 4,068. Waɗannan an yanke musu hukunci, sun san kuɗin da ke kansu. Na kama kaina ina yi wa Yaya fatan a ɗaure shi, ko ma san ranar fitowa. Allah na tuba.

Laraba

Ban je ko'ina ba. Na gyara takardun yara, na kashe waya.

Alhamis

Na koma Shagari. A majalisar dattawa bayan azahar aka ɗauko hirar marigayi Turaki, tsohon shugaban ƙasa ɗan garin nan, kamar kullum. Yadda sojoji suka kifar da shi ranar 31 ga Disamba 1983, aka yi masa ɗaurin talala har 1986, mataimakinsa Alex Ekwueme kuwa aka jefa shi Kirikiri. Yadda bayan an sake shi aka ce ya zauna nan garin kar ya fita. Yadda aka kawo shi aka rufe nan a ƙarshen 2018. Wani tsoho ya ba da labarin tsarewar da murya a sama, kai ka ce lambar yabo ce aka rataya wa garin. Kuma gaskiyarsa, mutumin ya fito da mutuncinsa.

Ina zaune a gefen tabarma babu wanda ya ce mini ya labarin Yaya. Ba ƙiyayya ba ce, kara suke yi mini. Amma ita wannan kara tana da nauyi. Tsarewar babba tarihi ce, ana ba jikoki. Ta talaka kuwa ko sunanta ba a kira. Da na miƙe sai liman ya biyo ni, ya rage murya ya ce, "Malam, ya labarin mai tahiya?" Na ce da godiya. Ya damƙa mini dubu biyu ya ce a sai mashi sabulu.

Juma'a

Dangin manemin babbar ɗiyar Yaya sun turo wata tsohuwa. Ta yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ta ce wai a ɗan dakata sai an ga yadda hali ya yi. Kowa ya san fassarar. Yarinyar ta shige ɗaki, ba ta fito ba har magariba.

Da dare matar Yaya ta kira ni zaure. Mahaifinta ya aiko ta dawo gida da ƙananan, tunda ba ci ba sha. Ban iya ganin laifin tsohon ba, ko ni ɗiyata ce haka zan ce. Ta ce, "Malam, ni ba ni zuwa. In na tahi, ranar da yaf fito wa za ya iske?" Sai ta kwance bakin zane ta ba ni 'yan kunnenta na aure, ta ce in kai birni a auna.

Asabar

Mai kayan ya yarda ya janye ƙara in an ba shi rabin kuɗinsa a hannu, saura bayan an cire albasa. 'Yan kunne da ragon Inna ba su kai ba. Sai gonar fadama, a ba da ita jingina shekara biyu. Ita ce dai gonar da yaron ya bar makaranta dominta.

Na gaya masa da kaina, a bakin rijiya, yana wanke laka a ƙafa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To a bari in cire wagga da na dasa." Na ce zan roƙa. Littattafansa suna nan cikin buhun taki a rataye bayan ƙofa, na duba ɗazu, gara ta fara cin na lissafi daga gefe. Na sauke su na kakkaɓe, na ɗaure a bayan babur zan tafi da su Bodinga.