Wa ke duba fentin titi bayan ɗan kwangila ya tafi?



Idan damina ta ja baya a Legas, wajen watan Nuwamba, lokacin ne aka fi ganin 'yan kwangila sun fito da injinansu suna zana fararen layuka a kan kwalta, suna kafa alluna a mararraba. Yawancinmu kallon kwalliya muke yi wa wannan aiki, irin wadda ake yi idan babban baƙo zai zo gari. Ina so mu sake dubawa. A duk aikin hanya, zane da alluna suna cikin mafi araha, kuma suna cikin 'yan abubuwan da mai tafiya a ƙasa yake cin moriyarsu kai tsaye. Saboda arahar tasu ne ma ba kowa ke bin sawun yadda aka yi su ba.

Mu kuwa, in aka ƙirga, mutanen ƙafa ne. Mai ruwa da kurarsa, mai shayi da zai tsallaka ya karɓo burodi kafin gari ya waye, mahauci da ke kama hanyar mayankar Oko-Oba da asuba, mai gadi da ya tashi daga aikin dare, yaran da ke dawowa daga Islamiyya bayan magariba, dattijo da sandarsa. Littafin kuɗin ƙungiya a hannuna yake, kuma duk wanda ya taɓa zama da ni muna lissafin ƙarshen shekara ya ga yadda shafin gudummawar asibiti yake cika. Ba duka ne na hatsarin hanya ba, amma wanda mota ko Keke ya buge shi ne ya fi cin kuɗi, domin karaya ba ta ɗoruwa a mako guda. Mai ƙaramin ƙarfi in ya kwanta wata uku a nan, iyalinsa a gida ma sun shiga wani hali, tunda abin da yake aikawa ya tsaya.

Unguwarmu ta canza cikin 'yan shekarun nan. An buɗe hanyar motocin BRT daga Oshodi zuwa Abule Egba a 2020, an buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, jirgin ƙasa na Jan Layi ya fara ɗaukar fasinja a 2024, an kuma gyara tituna da dama na cikin gari. Alheri ne, babu musu. Sai dai hanya mai ramuka, duk da sharrinta, tana tilasta wa direba ya taka birki. Ran da aka shimfiɗa sabuwar kwalta, ran nan gudu yake ƙaruwa. Ƙa'idar tuƙi ta ƙasar nan ta tsayar da gudun cikin gari a kilomita 50 a awa, amma ku tsaya bakin sabon titi da dare ku gaya mini ko akwai mai kiyaye ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Ta kuma ce idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar wanda ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi. Ƙarin kilomita 15 ke nan kawai, wanda direba ba ya ko ji a jikinsa.

To, fentin titi ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne maganar kwangila take. Akwai fenti na ruwa da ake fesawa ko a shafa da buroshi. Yana da sauƙin kuɗi, yana kyau a ranar farko, amma a titi mai yawan tirela da danfo da wuya ya kai shekara. Akwai kuma wanda ake kira tamoflastik, wanda yake zuwa kamar gari a buhu, a narka shi a tukunyar inji da zafin da ya kai wajen digiri 200, a shimfiɗa shi da kauri kamar milimita 2 zuwa 3. In ka taka shi za ka ji tudunsa a ƙarƙashin takalmi. Tun yana da zafi ake watsa masa ƙananan ƙwayoyin gilashi masu kama da sukari, su nutse rabi a cikinsa. Waɗannan ƙwayoyi su ne ke mayar wa direba hasken fitilarsa da dare, ya hango layin tun daga nesa. In aka yi shi yadda ya kamata, yana yin shekaru. In aka rage gilashin, ko aka shimfiɗa shi a kan kwalta mai danshi, ko ba a share ƙura da yashi ba, ko aka sa shi a kan kankare ba tare da an fara shafa abin da zai riƙe shi ba, sai ya riƙa ɓanɓarewa kamar ƙanzo.

Na ga wannan da idona a wani titi da ke kusa da mu. An yi zanen tsallakawa a gaban wata makarantar firamare, fari fat, har da masu ɗaukar hoto a ranar. Damina ɗaya ta wuce, abin da ya rage sai ɗan alama a gefe, inda taya ba ta takawa. Yaran suna nan suna tsallakawa a wurin, domin malamansu sun koya musu nan ne wurin tsallakawa, direba kuwa ba ya ganin komai a gabansa sai baƙar kwalta. A ganina wannan ya fi a ce ba a yi ba tun farko, don yaron ya saki jiki.

Gane mai kyau daga maras kyau ba ya bukatar digiri. Ka je da dare ka tsaya ɗan nesa, ka riƙe tocila kusa da idonka ka haska layin. In akwai gilashi zai yi ƙyalli ya dawo maka da haske, in babu zai zauna dishi-dishi. Da rana kuma ka sa ɗan makulli ka ƙanƙara bakin layin: fenti mai kauri ba ya tashi da sauƙi. Haka allunan ƙarfe suke. Allon kirki ana manna masa wata fata mai mayar da haske, na ha'inci kuwa fentin ƙofa ne kawai a kan langa-langa, rana ta yi rana ya koɗe.

Me ya sa nake so mu iya wannan dubawa? Saboda yadda ake biyan kuɗin kwangila. Gwamnatin tarayya tana da dokar ba da kwangila ta 2007, Jihar Legas ma ta yi tata a 2011, ta kafa hukumar da ke sa ido kan sayayya da kwangilolin gwamnati. A tsarin, ana tallata aikin, ana rubuta irin kayan da za a yi amfani da su, kuma a al'ada ba a biyan ɗan kwangila kuɗinsa duka ranar da ya gama. Ana riƙe wani kaso, sau da yawa kashi 5 cikin 100, har sai an yi wasu watanni an ga aikin bai lalace ba. Duk abin da ya lalace a cikin wannan lokaci, shi zai gyara da kuɗinsa. Ma'ana, takardar koke da ta isa ofis a cikin waɗannan watanni tana da haƙori. Wadda ta isa bayan an sallame shi kuwa, sai dai a ce mana mu jira kasafin kuɗin baɗi. Injiniyan da zai sa hannu a sallami ɗan kwangila yana da tituna da yawa a wuyansa, kuma da rana yake zagayawa. Mu ne muke kwana a bakin titin. In an kafa allon aikin, wanda ke ɗauke da sunan ma'aikatar da ta bayar da na kamfanin da ya karɓa, a ɗauki hotonsa tun kafin a cire shi.

Sai kuma sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa, wanda shi ne ya fi wahalar da mutanenmu. Tituna kashi uku ne: na tarayya, kamar babban titin Legas zuwa Abeokuta, na jiha, da na ƙaramar hukuma. A nan kuma bayan ƙananan hukumomi 20 akwai yankunan raya ƙasa 37, shi ya sa wani titin yana ƙarƙashin Agege, na bayansa yana ƙarƙashin Orile-Agege. Jami'an LASTMA da muke gani a mararraba aikinsu ba da hannu ne da kama masu laifi, haka ma jami'an kiyaye haɗura na tarayya, hukumar da aka kafa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Suna iya tallafa wa kokenmu, amma mai titin shi ke ba da kwangilar zana shi. Hanya mafi kusa ita ce ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA, da kansilan mazaɓa. Ina roƙon 'yan uwa masu gidaje da shaguna su riƙa halartar zaman CDA na layinsu. Maƙwabtanmu Yarbawa da Inyamurai 'ya'yansu ma wannan titin suke tsallakawa, kuma takardar da ta fito da sa hannun kowa ta fi wadda ta fito da sunan Hausawa kaɗai nauyi.

Wani abin da ya kamata mu faɗa kafin a fara aiki shi ne wurin da za a yi zanen. Mutane ba sa tsallaka titi inda taswira ta ce, suna tsallakawa ne daidai ƙofar kasuwa, daidai tashar mota, daidai masallaci. In aka kai zanen can gaba da nisa, zai zauna ba mai takawa. Kuma zane shi kaɗai ba ya tsayar da direban danfo da ke rige-rigen fasinja. A Ingila, inda aka fara wannan zane mai kama da jikin jakin dawa a 1951, direba tun yana koyon tuƙi ake cusa masa tsayawa. A nan sai an haɗa masa da allon gargaɗi tun daga nesa, da tudun rage gudu wanda shi ma aka yi masa fenti, da fitilar titi mai aiki. Tudun da ba fenti tarko ne ga mai babur da dare. A manyan tituna kuma inda aka yi gadar tsallakawa, don Allah a hau gadar. Ana kama masu tsallakawa ta ƙasa, kamun ma shi ne mai sauƙin.

Direbobinmu da masu Keke su ma suna da nasu rabo a wannan magana. Dokar Legas a kan bin hanyar da aka hana shiga, wato wanwe, mai tsanani ce ƙwarai, tana iya kaiwa ga ƙwace abin hawa. A 2022 an yi gwanjon motoci fiye da 100 da aka ƙwace saboda laifukan hanya. Allon da ke bakin titi yana cewa kada a shiga, shi ne ke tsakanin baƙon direba da asarar jarinsa. In allon ya faɗi ko ya koɗe, wanda bai san unguwa ba shi zai faɗa. Ga wanda bai yi boko ba, siffar allo ta isa: da'ira mai jan baki hani ce, mai kusurwa uku gargaɗi ne, shuɗiyar da'ira umarni ce, ja mai kusurwa takwas kuwa tsayawa cak. A kan kwalta, layin da ya tafi ɗoɗar ba yankewa yana nufin kada ka wuce na gabanka, mai yanke-yanke ya ba ka dama in hanya ta yi kyau. Shugabannin tasha za su iya karantar da wannan cikin minti goma.

Yanzu kuma sai maganar da ba ta da daɗi, amma gara mu yi ta a tsakaninmu. Allunan hanya da murfin kwalbati ƙarfe ne, kuma ana sace su. Ɓarawo ba shi da ƙabila, amma ba ya cin ƙarfe, sayarwa yake yi, kuma kowa ya san su wa suka fi yawa a sana'ar gwangwan da bola jari a garin nan. Mafi yawansu bayin Allah ne masu neman halak a cikin rana da wari. Sai dai allo ɗaya da aka gani a kan sikelin ɗaya daga cikinsu ya isa a shafa wa kowa kashin kaji. Ku tuna abin da ya faru a Abuja a farkon 2025: bayan an sace murafan kwalbati a manyan tituna, an hana yawon bola a cikin birni, an rufe kasuwannin panteka na mako biyu, mai laifi da maras laifi duk suka zauna a gida. Ina kira ga iyayenmu shugabannin 'yan gwangwan su yi doka a tsakaninsu, duk wanda ya kawo allon hanya ko murfin kwalbati ko ƙarfen gada, ko an yanka shi gunduwa-gunduwa, kada a auna. Haka 'yan tireda da masu kayan miya, a daina rataye kaya a jikin sandar allo, a daina kafa rumfa daidai bakin zanen tsallakawa, domin yaron da zai fito daga bayan rumfa direba ba ya ganinsa sai ya shigo titi. Masu manna hotunan siyasa a fuskar allo kuma, kowace jam'iyya ce, a yi musu magana.

Kafin zamanmu na gaba ina tattara wuraren da ke bukatar zane ko allo, da waɗanda aka yi suka goge. Duk mai irin wannan wuri a layinsu ya aiko mini ta akwatin saƙo na wannan shafi, ko ya ba wakilin unguwarsu: sunan titin, tashar mota mafi kusa, hoto ɗaya na rana da ɗaya na dare, da watan da aka yi fentin in ya tuna. Wanda ba ya rubutu ya aiko da murya. Zan rarraba su bisa ga mai kowane titi, mu rubuta takardu tare da CDA na wuraren, kuma duk ofishin da muka kai za mu nemi a buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinmu. Wuraren da ke gaban makarantu su za mu fara sawa a sama.