Kafin Mu Naɗe Salansar Ijapa

Mu da muka tashi a Agege mun san Volkswagen Beetle tun muna 'yan yara. Maƙwabtanmu Yarabawa na ce mata Ijapa, wato kunkuru. A nan Legas, a Ojo, aka fara haɗa ta a 1975, ita kuwa ta ƙarshe a duniya daga Meziko ta fito a 2003. Ke nan 'yan ƙalilan da suka rage a hannunmu gadon iyaye ne, in injin ya mutu ba a shiga kasuwa a ɗauko sabo.

Yanzu matasanmu sun shigo da yayin naɗe salansa da wani ƙyalle na zaren gilas, wai don injin ya huce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Motar nan ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa. Fanka ce da fanbel ke juyawa take hura wa injin iska, baƙin mai kuma ya kwashe sauran zafin. Ƙyallen yana tsare zafi cikin bututu, sai abin da ke kusa da shi ya samu sauƙi.

To amma fa Legas muke. Da damina ƙyallen nan shan ruwa yake, ya riƙe laima a jikin ƙarfe, tsatsa na ci daga ciki ba wanda ya gani. Bututun da aka hana shan iska kuma yana ƙara zafi, har ya kai ga tsagewa. Sannan wace tsohuwar Ijapa ce ba ta ɗigar da mai? In man ya jiƙa ƙyallen, ka ɗaura wa motarka lagwani ke nan, Allah ya kiyaye.

Shi ya sa muke cewa a fara da abin da tsofaffin makanikanmu suka sani. A duba fanbel, kada ya saki. A tabbatar farantan da ke kewaye da injin duk suna nan, da robar da ke hana iskar ƙasa mai zafi komawa wajen fanka. Da yawa an cire su wajen gyara, an manta. A saita bawul a 0.15 na milimita injin na sanyi. A sauya baƙin mai duk kilomita 5,000, don tsofaffin ba su da filta, sai 'yar rariya.

Wanda ya yi waɗannan kuma yana son naɗin, to ya tsayar da yoyon mai tukuna. Ya sa safar hannu, don zaren yana ƙaiƙayi, ya jiƙa ƙyallen kafin ya naɗa, ya ɗaure da zoben ƙarfe. Hayaƙin ranar farko ba komai ba ne. Bayan damina ya kwance gefe guda ya leƙa. In ya ga ja a jikin ƙarfen, ya cire kawai, kada garin neman gira mu rasa ido.