Abin da ido ya gani daga Gazawa zuwa Tsibiri

Ƴan'uwa mata, ziyarar ƙungiyoyi ta bana ta bi da mu babbar hanyar nan da ta taso daga Gazawa, ta ratsa Agye, ta wuce Maradi zuwa Tsibiri da Gidan Runji. Lissafin asusu ne ya kai mu, amma ido ya samu nasa rabo.

A wani ƙauye kusa da Agye muka tsaya sallar azahar. Masallacin na ƙasa ne, tsoho, da zankaye a kusurwoyinsa. A saman ƙofa magini ya zana dagi tun laka tana ɗanya, da yatsa kawai, layi ya bi ta ƙarƙashin layi har ba a gane inda ya faro. An shafe shi da makuba, wannan ruwan ɓawon ɗorawa mai sa bango ya yi duhu ya jure ruwan sama. Wallahi kamar aikin mai kitso.

A Tsibiri, garin Sarkin Gobir, wani malami ya nuna mana allon zayyana na yaron da zai yi sauka. Fatiha a tsakiya da baƙar tawada, kewaye da ita ado ja da rawaya da kore.

Ɗaya daga cikinmu ta fito da waya, ɗiyarta mai karatu a Italiya ta aiko hotunan coci-coci. Akwai wani ɗakin ibada a Batikan da Mikelanjelo ya zana rufinsa daga 1508 zuwa 1512, har yau mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Su siffar mutane suke zanawa. Mu ba a sa surar mai rai a masallaci, shi ya sa gwanintar ta koma ga ƙulli da rubutu.

To amma masallacin can na kusa da Agye ya fara zaizayewa, rabin dagin ya tafi, ana ta maganar siminti da kwano. Matan ƙungiyar garin sun rabu biyu. Wasu na so a taɓa asusun taimako a biya tsohon magini, wasu sun ce kuɗin haihuwa da rashin lafiya ne, kuma suna da gaskiya. Shawarar da muka ba su: a buɗe karo-karo daban, dala ashirin kowane mako, ruwan kwaɓa kuwa matan su ɗebo da kansu, a gama yaɓe kafin damina ta sauka.